Rabin Bencin Baba

Tsumman ya yi baƙi ƙirin da mai, amma ba ta taɓa tunanin sake shi ba. Ta ɗiga man a kan katakon, ta bi shi da hannu tun daga farkonsa, a hankali, kamar mai shafa bayan tsoho mara lafiya. Katakon ya sha, ya yi duhu, ya fara ƙyalli. Hannunta ya wuce ramukan da guduma ta bari, ya wuce tabon fenti, har ya iso inda bencin ya ƙare. A nan kullum take tsayawa, domin ba nan mai shi ya ƙare shi ba. Zarto ne ya bi ta wurin, a karkace, aikin wanda ke sauri. A daidai bakin yankan akwai tabon ƙuna mai siffar rabin wata, inda tukunyar gam ta taɓa zama da zafinta. Ɗaya rabin watan yana bayan bangon bulon da ke gabanta.

Daga can bayan bangon ta ji ƙarar hatimi, ƙwas, ƙwas. Mataimakin shugabar makaranta ya iso ofis ke nan, yana buga takardu a kan rabin bencin ubanta.

Malama Zarto yara ke ce mata, tun suna ɓoyewa har ita ma ta fara amsawa. Ita ce ke koyar da aikin katako da na ƙarfe a makarantar, kamar yadda ubanta ya yi kafin ita. A ƙarƙashin wannan benci ta yi rarrafe, a can ta koyi bambance katako da ƙamshinsa kafin ta iya karatu. Baba ya ƙera shi da hannunsa, dogo daga wannan bango zuwa wancan, yadda aji guda zai jeru a kai ba mai taɓa gwiwar hannun wani. Bai sa masa ƙusa ko ɗaya ba, duk turakun itace ne. Yakan ce ƙusa tsatsa take yi, itace kuwa da itace 'yan uwa ne.

Mataimaki ma a kan bencin ya tashi. Ɗalibin Baba ne, wanda gidansu ya yi nisa da makaranta, sai Baba ya ba shi ɗakin ƙofar gida. Kwano ɗaya suka ci, Inna ta wanke masa riga, ita kuma tana ce masa Yaya. Hannunsa bai taɓa karɓar zarto ba, amma bakinsa ya karɓi magana, magana kuwa ta kai shi inda ta kai shi. Da ya dawo makarantar da muƙami, sai ya nuna mata cikin murmushi cewa a wurin aiki ba Yaya, akwai Yallaɓai. Ta ce to.

A watan da Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ta ɗauki hutu tana jinyarsa. Ranar da ta dawo, idonta bai gama bushewa ba, ta buɗe ɗakin aiki ta ga ya koma rabi. An ja bango a tsakiya. Mataimaki yana buƙatar ofis mai taga, ofis kuma yana buƙatar tebur, ga katako mai kyau a kwance, ba sai an sayo ba. Ya tare ta a ƙofa ya yi mata ta'aziyya, hannunsa a ƙirji, ya ƙara da cewa ai rabin da ya rage ma ya ishi yaran yanzu, ba su cika son aikin hannu ba.

Ta raɓa ta gefensa. Ta shiga, ta share garin katakon da ya zube a ƙasa, ta zuba shi a gwangwani ta rufe. Da ta gaya wa Inna, tsohuwar ta ce, "Yaron nan da na riƙa ƙara wa nama a ɓoye? Ashe ƙarfin yankan nake ciyarwa."

"Ki bar shi, Inna."

"Ke ce dai ba za ki bar shi ba. Na san ki. Ubanki in ya yi fushi ya yi ta faɗa har ya gaji, ke kuwa sai ki yi shiru ki fara share-share. Shirunki nake tsoro."

Shekaru suka yi ta wucewa a kan shirun. Ta yi aure, ta haihu, furfura ta fara leƙowa daga bakin ɗankwalinta. Tana gaishe shi da ladabi, tana kai masa takarda da hannu biyu. Kuma a tsawon wannan zama ta karance shi kamar yadda take karanta jijiyar katako kafin ta sa zarto. Ta gano abu guda da ba ya canzawa: duk abin da ta ce a gaban mutane, sai ya ce akasinsa. In ta ce a yi fenti fari, shuɗi za a yi. In ta ce a fara da safe, sai an kai yamma. Kamar yana tsoron ranar da ya yarda da ita, za a tuna a ɗakin ƙofar gidansu ya kwana.

Sai ga ƙungiyar yara masu ƙera mutum-mutumi ta kafu a ɗan rabin ɗakin nata. Shugabarsu wata yarinya ce 'yar ajin ƙarshe, siririya, mai kaifin baki, ana ce mata Ƙusa. Suna haɗa abin da ke tafiya da ƙafafun taya, ya ɗaga kwali ya ajiye, suna zuwa gasa da wasu makarantu. Ƙwaƙwalwa suna da ita, abin da ke kayar da su shi ne yanka. Da zarton hannu da magagari suke fitar da sassan alminiyom, rami ya kauce kaɗan, hannun mutum-mutumin ya riƙa rawa kamar na mai zazzaɓi. Tsofaffin ɗaliban makarantar suka ji labari, suka ce za su saya musu injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda za ka zana abu a allo, shi kuma ya bi da bakinsa mai juyawa ya yanko maka shi daidai. Makaranta ta zaɓa kawai.

Ƙusa ce ta yi binciken. Ta baje hotuna biyu a kan bencin.

"Malama, wannan ƙaramin shi ne namu. Dubi jikinsa, duk ƙarfe ne, ba ya girgiza, alminiyom yake ci kamar ba komai. Yana nan a shagon dillali, gobe ma sai a kawo. Kuma kan bencin nan zai zauna."

"Wannan fa?"

"Wannan na masu yin ƙofofi da kabad ne. Zai yi mana aikin, amma sai an lallaɓa shi. Kuma sai an yi odarsa daga nesa, kafin ya iso gasa ta wuce. Ban ma san dalilin da ya sa dillalin ya haɗo hotonsa ba. Ina za mu kai wannan gado?"

Malama Zarto ta ɗauki hoton babban ta kalle shi. Ta karanta tsawonsa da faɗinsa. Da yaran suka tafi aji, ta ciro tef ta auna ɗakin, duk da ta san awonsa kamar yadda ta san tafin hannunta. Tef ɗin ya taɓa bangon bulo, injin kuwa bai ƙare ba, da sauransa. Ta tsaya riƙe da bakin tef a jikin bango, tana jin ƙwas, ƙwas daga ciki, wani sanyi ya sauka a ƙirjinta irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar Baba.

Ranar zaman zaɓe, aka taru a ɗakin shugabar makaranta. Ga shugabar, mace mai haƙuri da ba ta son hayaniya, ga wakilan tsofaffin ɗalibai da manyan riguna, ga Mataimaki da alƙalami a aljihun gaba. Aka ce malamar sashe ta fara. Ta miƙe, ta faɗi gaskiya tsantsa, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Ta ce ƙaramin ya fi dacewa da aikin yaran, ya fi saurin zuwa, ya fi sauƙin koyo. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Kuma mu ƙaramar makaranta ce, Yallaɓai. Babban sai manyan makarantu irin wadda ta kayar da mu bara. Kada mu ɗauko abin da ya fi ƙarfinmu."

Ta ga kunnen Mataimaki ya motsa tun kafin bakinsa.

"Wannan shi ne ciwonmu," in ji Mataimaki, yana duban baƙin. "Ƙanƙantar buri. Mutane sun zo da zuciya babba, mu kuma mu miƙa musu cokali. Malama ƙwararriya ce a kan zarto, ba mai musu, amma hangen nesa wani fanni ne daban."

"Akwai maganar wuri, Yallaɓai," ta ce a hankali. "Ɗakin..."

"Wuri ba matsala ba ne. Ni ne mai kula da gine-gine a makarantar nan. In inji ya zo, ni zan samar masa wuri, a rubuta."

Aka rubuta. Ya ciro hatiminsa ya buga a kan takardar odar da ƙarfi, har kofin shayin shugabar ya yi ƙara. Malama Zarto ta zauna kamar wadda aka kayar, hannayenta a cinya, tana ta murza yatsun da mai ya rina don kada su nuna abin da ke ranta.

Injin bai zo ba sai da gasa ta wuce, kamar yadda Ƙusa ta faɗa. Yaran suka koma ga zarto da magagari. Tafukansu suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Malama Zarto ta tsaya musu fiye da kullum, tana goge musu sassa bayan an tashi, tana ɗaure musu yatsu, amma hannu hannu ne. A filin gasa mutum-mutuminsu ya ɗaga kwali, hannunsa ya yi rawa, kwalin ya faɗi a bakin layi. Ga Ƙusa, wannan ce gasar ƙarshe kafin ta gama makaranta.

Washegari yarinyar ta same ta tana shafa mai. Ta tsaya a ƙofa ba ta shigo ba.

"Malama, ranar da na kawo hotunan, na dawo ɗaukar jakata, na gan ki kina auna ɗaki."

"Aikina ne awo."

"Ƙaramin ba ya buƙatar awo. Kan benci zai zauna."

Tsumman ya tsaya. Malama Zarto ta ce, "Ni ƙaramin na zaɓa. Kowa ya ji."

"Kowa ya ji," in ji Ƙusa. "Kuma kowa a makarantar nan ya san abin da ke faruwa in kika zaɓi abu a gabansa. Har 'yan aji ɗaya sun sani." Ta dubi tafin hannunta, ta dubi bangon, ta juya ta tafi. Daga ranar tana gaisuwa, tana yin abin da aka sa ta, amma ba ta ƙara kawo wa Malama wani hoto ba.

Abin ya taɓa ta, ba za a ce bai taɓa ta ba. Da dare ya yi takan tuna kwalin nan yana faɗuwa. Amma da safe in hannunta ya iso rabin watan nan, sai ta ji ko da za a maido da ranar zaɓen, abin da ta faɗa shi za ta sake faɗa, da irin muryar, da irin sunkuyar da kan.

Wata safiya babbar mota ta shigo da akwati kamar ɗaki. Mai haɗa injin, wani gajere mai fara'a, ya leƙa ɗakin aiki, ya fito yana dariya. "Hajiya, ko dai a yanka injin, ko a rushe bangon. Ni dai ban zo da zarto ba." Aka gwada tunanin zauren taro, aka ce ƙura za ta kashe mutane. Aka ce a bar shi a waje, mai haɗawa ya ce damina ɗaya ta ishe shi. Tsofaffin ɗalibai sun riga sun sa ranar zuwa buɗewa. Shugabar ta ciro takardar zaman, ta karanta wa Mataimaki maganarsa da muryarta mai laushi, ta ce akwai ɗan ɗaki ƙarƙashin bene inda ake ajiye tsintsiya, za a share masa.

Malama Zarto ta tsaya tana kallo ana dukan bangon. Bulo na farko da ya faɗo, haske ya shigo daga tagar da ta yi shekaru ba ta gani ba, ya kwanta a ƙasa daidai inda yake kwanciya tana yarinya. Ba ta yi murmushi ba. Ta jira ƙura ta lafa, ta sa aka jawo teburin Mataimaki, wanda ƙofar ɗakin tsintsiya ta ƙi karɓa, aka kawo shi bakin bencin.

Teburin da rabin bencin ba su haɗu ba.

An datse wa teburin ƙafafu don ya yi daidai da kujerar ofis, ya zama kamar ƙane a gefen wa. An shafe shi da wani jan fenti mai sheƙi. An sassaƙa sunan Mataimaki da muƙaminsa a fuskar katakon da manyan haruffa, an cika su da ruwan zinariya. Duk wannan da sauƙi. Ta durƙusa ta duba bakin yankan, inda ɗaya rabin watan ya kamata ya kasance, ta tarar an daɗe da datse wurin, an zagaye kusurwoyin don kada su kama rigar Yallaɓai. Rabin watan da ta yi ta jira ya zo ya cika nata, tuntuni aka share shi aka zubar.

Ta daɗe a durƙushe. Mai haɗa injin ne ya katse ta, yana goge hannu. Ya ce saura abu ɗaya, ana buƙatar katakon shimfiɗa, wanda ake ɗaurewa a gadon injin a ƙarƙashin abin da za a yanka. Shi ne ke shan wuya, in ji shi, kullum bakin injin sai ya ɗan ci shi, har ya ƙare a jefar. Kuma aikin farko da injin zai yi shi ne ya kankare fuskarsa ta yi sumul. Ko wane tarkacen falanki ma ya isa, in dai ba ƙusa a ciki.

Ta miƙe ta ɗora hannu a kan jan teburin. "Wannan ba ƙusa ko ɗaya."

"Haba Hajiya, wannan katakon? Ai asara ce."

"An riga an yi asarar. Cire ƙafafun."

Ranar buɗewa ɗakin ya cika. Tsofaffin ɗalibai, malamai, mai ɗaukar hoto, yaran ƙungiya a jere da Ƙusa a gaban kwamfuta. Aka yaye ƙyallen da ya rufe injin, sai ga sunan Mataimaki yana ƙyalli a kwance a gadon, an ɗaure shi ta kowane gefe. Kafin ya buɗe baki, Malama Zarto ta matso gaba.

"Ina so a san wani abu," ta ce. "Yallaɓai ne ya hango mana wannan inji lokacin da ni na kasa. Ya ba da ofishinsa. Yau kuma ga teburinsa, ya zama shimfiɗar da yaranmu za su yi ta yanka a kai. Ya kamata shi ya fara danna maɓallin injin."

Aka tafa sosai. Wani dattijo cikin baƙin ya ce irin waɗannan shugabanni sun yi ƙaranci. Mai hoto ya ce Yallaɓai ya ɗan matso, ya ɗan saki fuska. Mataimaki ya zo ya tsaya gefenta, murmushin yana manne a fuskarsa kamar da gam, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Teburin nan kaɗai na samu daga kayan Baba. Ni ma ya riƙe ni, kin sani."

"Ka tambaya aka hana ka?"

Ya mayar da fuskarsa wajen mai hoto.

"Danna, Yaya," ta ce. "Mutane na jira."

Ya danna. Injin ya yi gurnani, bakinsa ya sauko ya kama kusurwa, ya fara tafiya a miƙe, ya juyo, ya sake komawa. Jan fentin ya tashi ya zama ƙura. Layi bayan layi, farin katako yana fitowa daga ƙasa, har bakin ya iso haruffan zinariya ya fara cin muƙamin daga ƙarshe. Ta tsaya ta ga harafin farko na sunan ya tafi, ta juya ta kalli fuskarsa, ta ƙoshi da abin da ta gani.

Sai ƙamshin ya iso ta. Fenti ya rufe shi shekara da shekaru, yanzu ya buɗe: ƙamshin ɗakin nan tun yana ɗaya, na rigar Baba in ya dawo gida. Ya cika mata hanci. A gefe Ƙusa ta riga ta ciro farantin alminiyom tana nuna wa 'yan ƙananan aji yadda za su ɗaure shi a kai in an gama, ko sau ɗaya ba ta ɗago ta dubi Malama ba.

Malama Zarto ta je ga rabin bencinta, ta ɗauki tsumman da kwalbar man, ta sa a aljihun rigar aikinta. Injin na ci gaba da ci, ana ci gaba da tafi. Ta ratsa tsakanin manyan riguna, ta bi ta inda bangon yake a da, ta fita.